Mutanen da Suka Ƙi Wuta a Amurka: Wasiƙa ga Taubashi

Zuwa ga taubashi, ɗan Gwaggo, tare da gaisuwa mai yawa ga Gwaggo da Inna da duk mutanen gida.

Amishawa al'umma ce ta Kiristoci mazauna karkarar Amurka, waɗanda ba sa jan wutar lantarki zuwa gidajensu, ba sa mallakar mota, ba sa ajiye rediyo ko talabijin. Ba talauci ne ya hana su ba, addini ne. Mazauninsu mafi daɗewa yana gundumar Lankasta ta jihar Pensilbaniya, kimanin kilomita 110 yamma da birnin Filadelfiya, inda suka haura mutum 40,000. Akwai wasu manyan matsugunan a jihohin Ohayo da Indiyana, da ƙanana a warwatse a wasu jihohin da kuma Kanada. A 1900 dukkansu ba su wuce 5,000 ba, amma a 2024 sun haura 400,000, domin yawansu na ninkawa kusan duk shekara 20. Ba sa fita wa'azi, ba sa neman kowa ya shigo cikinsu. Haihuwa ce kawai. Gida mai 'ya'ya shida ko bakwai ba abin a waiwaya a kalla ba ne, kuma da mace ɗaya, saboda haka taubashi, da ke ta cika baki da 'ya'yansa uku, sai ya ɗan rage murya.

Asalinsu Turai ne. A 1525 wasu matasa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka ce baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, ba ta dace da jariri ba, sai baligin da ya zaɓa da hankalinsa. Suka ƙi rantsuwa, suka ƙi ɗaukar makami. A wancan zamani coci da sarauta tafiyarsu ɗaya, don haka hukuma ta ɗauki abin a matsayin tawaye. An nutsar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, a kogin Limmat a 1527, aka ƙone wasu, aka kora saura cikin duwatsu. An tara labaran waɗanda aka kashe a wani ƙaton littafi mai suna Martyrs Mirror, wanda aka buga a Holan a 1660, kuma har yau yana nan a gidajen Amishawa da yawa. Labarin da yaransu suka fi sani shi ne na Dirk Willems. A 1569 ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan wani tafki da ya daskare, mai binsa ya rufta cikin ƙanƙara, sai ya juyo ya ciro shi. Aka sake kama shi, aka ƙone shi. Wanda bai san wannan tarihi ba zai sha wuya kafin ya gane abin da ya sa suke nesa-nesa da hukuma.

A 1693 wani dattijon coci, Jakob Ammann, ya ga 'yan'uwansa sun fara sakaci, ya nace a riƙa ƙaurace wa duk wanda aka kora daga cikin jama'a. Waɗanda suka bi shi su suka ɗauki sunansa, sauran kuwa su ne Menonawa. Sun fara ƙetarowa Pensilbaniya a ƙarni na 18, saboda William Penn, wanda ya kafa yankin, ya bar kowa ya yi addininsa. Jirgin ruwan Charming Nancy ya sauke wasu iyalansu a Filadelfiya a 1737. A Turai kuwa sun narke, har jama'arsu ta ƙarshe, a Ixheim ta Jamus, ta haɗe da Menonawa a 1937. Har gobe a gida wani karin Jamusanci suke yi, ibada da Jamusancin littafi, Turanci sai a makaranta da kasuwa. Duk wanda ba nasu ba Ba'ingilishe suke ce masa, ko daga ina ya fito. Ke nan taubashi ma, duk da Turancinsa bai kai na sayen burodi ba, ranar da ya sauka Lankasta ya samu wannan sarauta kyauta.

Baƙon da ya fita daga birnin Lankasta ya bi hanya mai lamba 340 ta ƙauyen Bird-in-Hand zai iya gane gidajensu tun daga titi. Turakun wuta suna nan jere a bakin hanya, amma babu wayar da ta ratse ta shiga gidan. Akwai doguwar igiyar shanya daga baranda har ƙololuwar rumbu, kuma ranar Litinin za a gan ta cike da baƙaƙen wanduna a jere, daga na maigida har na auta, kowanne ya fi na bayansa tsawo. A tsakar gida ga keken doki mai rufi, ruwan toka, domin a Lankasta launinsa ke nan, a Ohayo da Indiyana kuwa baƙi ne. A bayansa akwai alwatika mai ƙyalli da fitilun batir saboda motoci. Da yawa daga cikin dawakan da ke jansa tsofaffin dawakan tsere ne da suka yi ritaya. Yara kuwa suna kan wani keke marar feda da ake turawa da ƙafa, domin dattawa sun ga keke mai feda yana saurin kai yaro nesa da gida.

Maganar wuta ita ta fi ɗaure wa baƙo kai, musamman wanda ya tashi a unguwar da yara ke ihun murna in an kawo ta. A can gida mutane na zaune cikin duhu suna jiran a kawo, a nan ga ta a bakin ƙofa dare da rana, ba ta ko ƙiftawa, amma masu gida sun ce a wuce da ita gaba. Dattawan Lankasta sun yanke wannan shawara wajen 1920, tun ba ta gama isa karkara ba. Ba su ce lantarki a kan kansa zunubi ne ba. Abin da suka ƙi shi ne wayar da ke ɗaure gida da duniyar waje, domin duk abin da aka ƙera mai filogi zai biyo ta ya shigo ɗaki: jiya rediyo da talabijin, yau kwamfuta da intanet. Kowace sabuwar na'ura sai sun auna ta tukuna. Za ta tara iyali ko za ta watsa su? Za ta sa mutum ya daina buƙatar maƙwabcinsa? Za ta ba wani damar ɗaga hanci a kan 'yan'uwansa? Abin da ya tsallake waɗannan tambayoyi sai a karɓa, wani lokaci bayan an datse masa fiffike.

Wanda ya shiga rumbun mai kiwon shanu da asuba zai ga yadda abin ke aiki. Rumbun na katako ne mai hawa biyu, shanu a ƙasa, ciyawa a sama. A wani ɗan ɗaki a gefe injin dizal na ta bugawa, shi ke tuƙa na'urar tatsa da tankin sanyaya madara. Fitilar gas na rataye tana huci, maigida da matarsa da yara kowa da aikinsa, har ɗan shekara biyar yana ba maruƙa abinci. Irin wannan inji ne ke cika tanki da matsattsiyar iska, a ja ta cikin bututu zuwa zarto da injin huda katako da famfon rijiya, har da keken ɗinki. Murhu da firji na gas ne. Ana cajin batir, kuma yanzu allunan sola sun cika rufin rumbuna. Tarakta tana nan, amma da ƙafafun ƙarfe, a tsaye a bakin rumbu tana juya wasu injuna, ba ta shiga gona. Garma sai dawaki da alfadarai. Abin da ya fi ba baƙo dariya shi ne ganin injin ɗaure ciyawa na zamani, da nasa ƙaramin inji yana ruri, amma alfadarai ne a gaba suna jansa a hankali.

Masu gaggawar hukunci sukan ce wannan yaudarar kai ce. Ba haka ba ne. Tarakta in ta shiga gona, mutum ɗaya zai noma abin da goma ke nomawa, gobe ya nemi sayen gonar maƙwabci, jibi 'ya'yan maƙwabcin su tafi birni neman aiki. Doki kuwa yana gajiya, yana tilasta gona ta tsaya daidai ƙarfin iyali. Ƙafafun ƙarfen ma da dalili: tarakta mai tayar roba ba ta daɗewa ta zama motar zuwa kasuwa. Kuma ba su da taurin kan da ake zato. A ƙarshen shekarun 1960, da kamfanonin madara suka ce dole a koma manyan tankunan sanyi, dattawa sun yarda, da sharaɗin injin dizal ne zai sanyaya. Amma da aka zo kan ɗaukar madara ranar Lahadi suka ce atafau, sai kamfanonin ne suka gyara jadawalinsu.

Tarho ma haka. Tun wajen 1910 aka fitar da shi daga ɗaki, saboda gulma da kuma tsoron kada ya kashe ziyara, domin su ma sun yarda zumunci a ƙafa yake. Sai aka yi masa 'yar bukka ta katako a bakin hanya, wadda gidaje da yawa ke tarayya a kai. Mai son kiran likitan dabbobi sai ya sa takalmi ya taka, ko da ƙanƙara na zuba, kuma cikin sanyin nan ba mai tsayawa dogon surutu. Taubashi, wanda ko a kan tabarmar cin tuwo hannu ɗaya na kwano ɗaya na waya, a nan sai dai a shimfiɗa masa katifa a cikin bukkar. Mota kuwa an yarda a shiga, ba a yarda a mallaka ba, har wasu maƙwabtansu sun mayar da jigilar Amishawa sana'a.

Tufafi ma da ƙa'ida. Maza baƙin wando mai igiya a kafaɗa, riga marar zane, malafa lokacin zafi, baƙar hula mai faɗin baki lokacin sanyi. Mata doguwar riga launi ɗaya da 'yar farar hula, ba ɗan kunne, ba zobe, ko da na aure ne. Gemu shi ne shaidar aure: saurayi yana aski, da ya yi aure sai ya bar shi har mutuwa. Gashin baki kuwa ba a bari, domin a Turai adon sojoji ne. Wannan da taubashi ke murzawa a bakin kasuwa, ranar farko zai sha reza. Duk waɗannan dokoki suna cikin abin da suke kira Ordnung, wanda galibi ba a rubuce yake ba, yaro na tashi yana ganinsa ne. Sau biyu a shekara, kafin Jibin Ubangiji, jama'a kan zauna kowa ya tabbatar ya yarda da shi kuma ba ya riƙe da kowa a zuciya. Shi ya sa abin da aka hana a wannan yanki ana iya samun an halatta shi a wancan.

Ba su da ginin coci. Iyalai 25 zuwa 35 su ne jama'a guda, suna haɗuwa Lahadi ɗaya su tsallake ɗaya, a gidan ɗaya daga cikinsu, bi da bi. Akwai amalanke na musamman da ke kai bencina gidan da layi ya zo kansa. Bencinan ba su da majingina, maza gefe, mata gefe, kuma zaman yakan kai awa uku. Littafin waƙoƙinsu, Ausbund, an fara buga shi a 1564, kuma tushensa waƙoƙin da magabatansu suka tsara suna tsare a kurkukun Passau. Babu kiɗa, babu tafi, murya ce kawai, ana jan kowace gaɓa a hankali, har waƙa mai baiti huɗu takan ci kusan minti 20. Sai wa'azi biyu, da ka, babu takarda. Mai gyangyaɗi tun huɗuba ba ta yi nisa ba, wanda Gwaggo ta san ko wane ne, a kan irin wannan benci ƙasa zai tsinci kansa. Bayan an tashi akan ci burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai zaƙi, da cuku da kayan lambu masu tsami, a sha kofi.

Yadda suke naɗa shugabanni abin a tsaya a duba ne. Kowace jama'a tana da bishof da masu wa'azi biyu da mai kula da mabuƙata, dukkansu manoma ko kafintoci, ba makarantar koyon aikin, ba albashi. In gurbi ya samu, kowane mai baftisma, namiji da mace, zai raɗa sunan wanda yake ganin ya dace. Waɗanda suka samu ƙuri'u isassu sai a jera musu littattafan waƙa a kan tebur, an ɓoye 'yar takarda mai aya a cikin ɗaya. Wanda ya ɗauki mai takardar, shi ne, har ƙarshen ransa. Ba fosta, ba kamfen, ba walima. Sau da yawa ma kuka ake yi, shi da iyalinsa, saboda nauyin da ya hau kansa.

Tunda baftisma zaɓi ce, matashi daga shekara 16 yakan samu sassauci, lokacin da suke kira Rumspringa. Finafinai sun zuba wa abin gishiri. Akasarin matasan wasan ƙwallon raga suke yi da taron waƙa daren Lahadi, inda ake neman aure, ko da yake akwai masu sayen mota su ɓoye ta bayan gonar masara. Kusan 85 cikin 100 sukan dawo su durƙusa su yi alkawari. Wanda bai yi baftisma ba ya tafi, ba a kore shi ba. Amma wanda ya yi alkawarin ya karya, ya kuma ƙi tuba, shi ake mayarwa saniyar ware: ba a cin abinci tebur ɗaya da shi, ba a ciniki da shi, ba a karɓar abu daga hannunsa, ko da uwa ce da ɗanta. Su suna cewa magani ne don ya dawo, kuma ƙofa a buɗe take. Duk da haka hukunci ne mai ciwo, kuma wasu da suka fita suna kokawa da cewa al'adar sasanta komai a cikin gida takan rufe laifin da ya kamata ya kai gaban alƙali. Wannan koke gaskiya ne, bai kamata kyan gonaki ya sa a manta da shi ba.

Karatu aji takwas ne, a makaranta mai ɗaki ɗaya, malamar kuma galibi budurwa ce daga cikinsu. A shekarun 1950 an ɗaure iyaye maza a Pensilbaniya saboda sun ƙi tura 'ya'yansu sakandare, sai a 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya a shari'ar jihar Wiskonsin da Yoder. Suna biyan harajin kuɗin shiga da na ƙasa da na ciniki kamar kowa. Abin da suka ƙi shi ne asusun fansho na gwamnati, domin a ganinsu kula da tsoho aikin 'ya'yansa ne. A 1961 jami'an haraji sun ƙwace dawakan wani manomi, Valentine Byler, yana tsakiyar aikin gona, abin ya tayar da ƙura, har a 1965 majalisa ta keɓe masu aikin kansu daga biyan. Tsoho in ya gaji sai ya koma ɗan sashen da aka gina masa jikin babban gida, jikoki na shiga suna fita.

Inshorar kamfani ma ba su damu da ita ba, gayya ce inshorarsu. Rumbu in ya ƙone, kafin toka ta huce an fara share wurin. Ranar da aka sa, maza fiye da ɗari za su hallara da guduma, babban kafinta na ba da umarni, kafin magariba an tayar da gini an rufa, mata kuma sun ciyar da kowa. Mai ciwon bayan da ba ya tashi sai ranar gayya, a nan asirinsa zai tonu tun da hantsi. Kuɗin asibiti in ya yi yawa jama'a ke haɗawa. Ba sa kai ƙara kotu, saboda haka maganar kuɗin shara da ke tsakanin mai wasiƙa da taubashi, da a nan ne, sai dai dattawa su zaunar da su.

Akwai wurin da wasa ba ya shiga. Ranar 2 ga Oktoba 2006 wani direban motar madara, wanda ba Ba'amishe ba, ya shiga makarantarsu ta Nickel Mines ya harbi 'yan mata goma, biyar suka rasu, ya kashe kansa. A ranar wasu Amishawa suka je wa iyalinsa ta'aziyya, da yawa kuma suka halarci jana'izarsa. Sun rushe makarantar, suka gina wata a kusa. Abin da Dirk Willems ya yi a kan ƙanƙara bai tsaya a littafi ba.

Dogaro da kai nasu yana da iyaka, su ma ba sa musu. Dizal da gas saye suke yi, madara sayarwa, suna ajiya a banki, suna zuwa asibiti. Ƙasa ta yi tsada a Lankasta, har ta kai yanzu waɗanda ke rayuwa da noma zalla ba su kai rabi ba. Saura sun koma kafinta da gini da ƙira da ɗinkin barguna, kuma ta wannan ƙofa ce wayar hannu ke lallaɓowa, abin da ya fi damun dattawa a yau, domin ba ta buƙatar turke kuma aljihu na ɓoye ta. Da yake daga iyalai kaɗan suka yaɗu, sunayen dangi 'yan ƙalilan ne, Stoltzfus da King da Fisher da Beiler da Lapp, sai da laƙabi ake bambance mutane. Wannan kusancin jini ya jawo wasu cututtukan gado da ba kasafai ake gani a wani wuri ba. A 1989 Dakta Holmes Morton ya kafa asibitin yara saboda su, kuma Amishawa da Menonawa ne suka tayar da gininsa kusa da Strasburg da gayya.

Miliyoyin 'yan yawon buɗe ido ke zuwa gundumar duk shekara, musamman tun bayan fim ɗin Witness na 1985, kuma ziyarar na da ladubba. Gona gidan mutane ce, ba a kutsawa sai inda aka kafa allon sayarwa. Ba a ɗaukar hoton fuskarsu, domin suna ganin tsayawa hoto girman kai ne, don haka mai canza hoton kansa a Facebook duk Juma'a sai ya mayar da waya aljihu. Direba in ya tarar da keken doki ya bi a hankali, kada ya danna oda ya firgita dabba. Wanda ke son ganinsu da yawa wuri ɗaya ya zo a ƙarshen sanyi, lokacin gwanjon da ake yi cikin taɓo don tallafa wa 'yan kwana-kwana na sa kai, inda ake sayar da dawaki da kekuna da barguna. Wasu iyalai na karɓar baƙi cin abinci in an shirya tun da wuri: kaza, dankali, taliyar gida, da wani kek mai danƙo na baƙin ruwan rake. Musulmi ya tambaya kafin ya sa hannu, domin suna cin naman alade kuma wasu na sa kitsensa a girki, in an tambaye su kuwa gaskiya suke faɗa. A bakin hanya akwai rumfunan ƙwai da tumatir da zuma, wasu babu mai tsaro, sai farashi a rubuce da akwatin jefa kuɗi, wanda kuma babu maganar a rage ko a kawo gyara, abin da zai fi komai ƙona wa taubashi rai. Ranar Lahadi duk a rufe suke, ko ƙwai ɗaya ba a sayarwa, saboda haka mai zuwa ya shirya tafiyarsa tsakanin Litinin da Asabar.

Wassalam.
Ɗan Kawu, daga Filadelfiya.